Shi Ya Ɗauka Gicciye Aka Sa Masa

Daga mai kula da zaure: wata 'yar'uwa ce ta turo wannan daga Zuru, ta roƙi a cire sunanta da adireshinta. Na sa shi yadda ya zo, ban taɓa komai ba. Mai ba da amsa ya yi da hankali.

Salama a gare ku 'yan zaure, Musulmi da Kirista, manya da sa'o'ina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, don kwana uku gare ni ba wata uku ba. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan duk ranar da na shigo kafe na intanet, ban taɓa sa baki ba, yau dai ta kawo ni. Zan faɗi abin yadda yake, wanda zai zage ni ya zage ni amma ya haɗa da shawara.

Ni 'yar Zuru ce, shekarata ashirin da uku, na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba. Mu Lelna ne, waɗanda kuke kira Dakarkari. Sai na yi muku bayanin golmo tukuna, in ba haka ba ba za ku gane inda matsalar take ba. A wurinmu namiji ba ya zuwa da akwati ya ɗauki mace, noma yake yi wa uban yarinya, damina bakwai. Ba shi kaɗai ba, shi da sa'o'insa ne ƙungiya guda, yau su faɗa gonar surukin wannan gobe ta surukin wancan, ba a cewa na gaji, ba a kuma ja da baya a gaban mutane. Yanzu da yawa sun daina musamman cikin gari, amma babana tsohon soja ne, ya ce shi da ƙashin bayansa ya auri uwata, duk mai son 'yarsa shi ma ya sunkuya. Wanda ya sunkuya ɗin zan kira shi Bawa, ba sunansa ke nan ba. Kuma kada wani ya fara rubuto mini cewa an tilasta ni, ba wanda ya tilasta ni, ni na nuna shi da kaina. Damina shida ya yi cif, wannan ce ta bakwai, dawa ta nuna ana kan yanka, in an kai ta rumbu aka yi Uhola, bikinmu na girbi, sai namu bikin.

Bara wata ƙungiya ta zo garinmu da shirin wayar da kan matasa, zancen awon ciki, tazarar haihuwa, ciwon sanyi, da ƙanjamau. Sun gane in aka ce a zo lacca ba mai zuwa, sai suka bi ta wasa. A sa gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, a sa kokawa irin tamu, 'yan mata su yi rawar gargajiya, in an tafi hutun rabin lokaci mu 'yan dirama mu shiga tsakiyar fili. A gefe kuma akwai rumfar yadi da nas a ciki, duk mai so ya shiga a ɗiga jininsa a yi masa gwajin ƙanjamau, a ba shi sakamako nan take. Ni na shiga dirama ne don zaman gida ya ishe ni, kuma bakina ba ya ciwo. Matar da ke shugabantarmu, Anti muke ce mata, ita ta ce a ba ni makirfo tunda ko ba shi ma ana ji na. Ni nake fitowa a yarinyar da ke ce wa saurayinta ba gwaji ba aure, in faɗa da Hausa in maimaita da yarenmu, mata su yi ta guɗa.

Mun je Wasagu, mun je Kanya, mun je Dirin Daji, ko'ina labari ɗaya. Maza su cika fili, su yi ihu a ƙwallo, su yi dariya a dirama, rumfar gwaji kuwa sai mata masu goyo da tsofaffin da suka ɗauka maganin ciwon baya ake rabawa. A Kanya wani ɗan kabu-kabu har ya ɗaga murya ya ce 'yan mata ke da kika iya faɗa ina naki saurayin, ko shi jininsa na zinari ne ba a taɓawa. Aka yi mini dariya. Maganar ta yi ta ci mini rai har muka dawo gida.

Wasan ƙarshe a nan Zuru aka yi, sati biyu da suka wuce, a filin wata firamare. Unguwar su Bawa ta kai ƙarshe, shi ne gola, kuma kusan duk 'yan wasansu abokan golmonsa ne. Muka gama dirama, maimakon in miƙa wa Anti makirfo sai na riƙe. Na ce ni ga ni zan shiga rumfa yanzu a gaban kowa, kuma ina kiran Bawa, na faɗi sunansa da sunan ubansa, na ce in damina bakwai ba ta ba shi tsoro ba to tsinken allura ba zai ba shi ba, in kuwa ya tsaya a raga to a sani 'yan golmon bana mata ne suka sa wando. Da yarenmu na faɗa don ta shiga da kyau. Na san abin da nake yi, ɗan golmo ba a kiransa a fili ya ƙi fitowa, in ya ƙi har ya tsufa ana sa shi a waƙa. Ban shawarce shi ba, ban ko ƙyafta masa ido kafin nan ba. Masu ganga suka ɗauka, Bawa ya cire safar hannu ya yar, ya taho yana dariya yana nuna ni da yatsa, abokansa suka biyo shi, sauran samarin gari suka biyo su, sai da aka jinkirta komawa wasa. Anti ta rungume ni ta ce tunda aka fara shirin nan ba ta taɓa ganin layin maza haka ba.

Ni na fara shiga, nawa ya fito lafiya. Shi ya shiga bayana. Ina so ku gane yadda wurin yake, rumfar yadi ce, janareta na ƙara, ganga na tashi, abokansa sun manna kunne a jikin yadin suna tsokanarsa wai kada ya suma ya ba su kunya. Nas ɗin baƙuwa ce, Hausarta irin ta rediyo, mai laushi da kewaye-kewaye. Bawa kuma aji huɗu ya tsaya a firamare, Hausarsa ta kasuwa ce, ta gaisuwa da sayar da dawa, kuma mutum ne da in bai gane magana ba ba zai taɓa cewa a maimaita masa ba, sai dai ya ce to, to. Ya ɗan daɗe a ciki. Da ya fito sai ya ɗaga hannu biyu sama kamar ya kama fenariti, fili ya ɗauki ihu, ya zo ya danƙa mini takarda a ninke ya ce Malama ga sakamakonki ki adana mini, ya koma raga. Malama yake ce mini in yana tsokanata.

Ban buɗe ba har aka tashi, sun ma ci kofin. Muna hanyar gida ne yake ba ni labari, wai nas ta yi ƙasa da murya ta ce an ga alama a jininsa, amma an dace da ya zo da wuri, kada ya damu, ya je asibiti a sake dubawa. Ya ce kin ji ko, an dace ta ce. Ya ce zancen sake dubawa kuma ta riƙe abinta, wanda ya ci jarrabawa me zai koma yi a aji. Sannan ya ce da ya leƙa takardar ya ga har gicciye ta zana masa, wai ashe jinin ɗan Kirista ko a asibiti ana gane shi. Ina jin haka na ciro takardar. Na buɗe a tsakiyar hanya. Alamar tarawa ce irin ta lissafi, an zagaye ta da jan biro, a gefe an rubuta fozitif, wato an ga cutar a jininsa. Mu an koya mana ma'anarta a horon da aka ba mu, amma a dirama ba mu taɓa faɗa ba, ba wanda ya yi tunanin sai an faɗa. Na ninke na cusa a jaka, na ce masa sakamako sirri ne, doka ce kada ya gaya wa kowa abin da ke ciki ko da uwarsa ce. Ya ce to Malama. Har yau Bawa yana yawo a gari da murnar ya ci gwaji, ni kaɗai na san abin da ke cikin takardar, sai nas ɗin da ta bi motarsu ta tafi a ranar.

Na san abin da za ku fara tambaya, to a'a, ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, ai da Baba ya kashe mu. Kuma ban san inda ya samo ba. Rani biyu ya yi yana zuwa ci-rani kudu. Wani lokaci in na tuna haka ji nake kamar in je in shaƙe wuyan rigarsa in ce wace ce, ni ina nan ina kai maka ruwa gona kai kana can kana me. Sai kuma in tuna ni ce nake tsayawa a fili ina lissafa wa mutane da yatsu cewa akwai askar wanzami, akwai allurar mai kemis, akwai ƙarin jini, kada a yanke wa kowa hukunci. Faɗa a makirfo da sauƙi. Kuma ta yaya zan yi faɗa da mutum a kan abin da bai ma san yana da shi ba.

Na je wurin Anti, ban kama suna ba, na ce in mutum bai gane abin da nas ta gaya masa ba yaya ake yi. Ta ce nas ta yi wa kowa bayani, sauran sirri ne tsakaninsu, ba aikin 'yan dirama ba ne, ita abin da ke gabanta wata mai zuwa za a je Ribah kuma tana so in sake irin kiran da na yi, in sami wani saurayi in kira shi a fili. Nan raina ya ɓaci. Na ce mata ni da makirfo har abada, mun iya tara mutane da ganga mu soke su mu naɗe rumfa mu tafi, wanda ya kwana da abin ya kwana da shi. Ta ce ba ni da kunya, kuma in tuna ba wanda ya sa ni kiran nan, ba ya cikin abin da aka tsara, ni na ƙirƙiro don a tafa mini. Gaskiya ta faɗa. Sai ta tsaya ta dube ni ta ce wai wa kike nufi ne, na ce ba kowa, na fito. Ba zan iya gaya mata ba, zumuntar mata ɗaya suke da uwar Bawa a coci, benci ɗaya suke zama.

Baba kuma ba a magana. Yana filin ranar, ya ga komai, tun daga nan duk wanda ya zo gidanmu sai ya ba shi labarin yadda ɗansa ya yar da safar hannu ya tafi rumfa kamar soja, ɗana yake ce masa, yayyena ma ba ya yabonsu haka. Amma akwai wani mutum a unguwarmu da ya dawo daga bariki da ciwon nan shekarun baya, aka ware masa kwano da kofi, da ya rasu aka ƙone tabarmarsa, kuma Baba ne ya tara mu ya ce duk wanda ya bi ta ƙofar gidan kada ya dawo masa gida. In na gaya wa Baba aure ya mutu a ranar, kuma ba zai tsaya nan ba, Baba bai iya raɗa ba, kafin yamma duk Zuru ta ji dalili. In kuma na ce na fasa ban faɗi dalili ba, na zama 'yar bokon da ta cinye damina bakwai ta samari goma sha biyu ta goge baki, abokansa ba za su yafe ba, ga ƙanwata nata saurayin yana damina ta biyu, ita ma zai shafe ta. Kuma ko na yarda na ɗauki wannan baƙin jinin, Bawa zai zauna bai sani ba, ba magani, ya je ya auri wata 'yar mutane da murnarsa. Wannan ba zan iya ɗauka ba.

To ku ce in gaya masa mana, ai shi ne mai abin. Ga abin da ke hana ni. Ranar da ya fara kallon diramarmu akwai wurin da mai ciwon ke zaune yana kuka 'yan'uwa sun guje shi. Da muka fito ya ce mini shi bai ga amfanin jan labarin ba, in shi ne kwalbar fiya-fiya ɗaya, maganin ƙwarin nan, ta isa ya sha ya huta, ba zai zauna a ware masa kwano a gidan ubansa ba. Na ce ya daina irin wannan wasa, ya ce ba wasa yake ba. Shekara bakwai na san Bawa, bai taɓa cewa zai yi abu ya fasa ba, abin da ya sa na zaɓe shi ke nan, yau kuma shi ne yake hana ni cin abinci.

Da na ce zan ja lokaci har a gama girbi in san dabara, sai ga wata. Cocinmu yanzu ba a sanar da aure sai an kawo takardar gwaji. Ranar Lahadin da ta wuce fasto ya ce duk masu son a ɗaura musu bayan girbi su kawo tasu wannan Lahadin gaban dattawa. Bawa ya juyo daga ɓangaren maza yana yi mini murmushi, wato mu tamu a shirye take. Cikin dattawan nan akwai kawunsa, tsohon hedimasta, Turanci ba ya ba shi wahala. Da aka tashi na ce masa takardar ta ɓace, na duba ko'ina ban gani ba. Ya ce ba komai ai ya haddace, zai gaya musu da baki, gicciye ne a cikin jan zobe, in suna so ma ya zana musu. Dole na ce bari in sake dubawa, washegari na aika masa cewa na gani. Ya ce ranar Asabar zai zo ya karɓa.

Jiya na ɗaura niyya, na ce yau ko me zai faru sai na faɗa. Na karɓi kai abinci gona, suna yankan dawar ƙarshe ta gefen rafi. Na kira shi gefe gindin ɗorawa, abokansa suna ta ihun ango an kira ka ofis, a yi masa sassauci Malama bai yi aikin gida ba. Ya zo ya zauna, hannunsa duk ganyen dawa ya tsattsaga, ya buɗe kwano ya fara ci. Na ce Bawa zancen takardar nan. Ya ce kada dai ta sake ɓacewa. Na ce a'a. Ya ce to madalla, saura kwana uku ya fita gonar Baba, daga nan a tasa gonar zan riƙa kai abinci, kuma ya riga ya yaɓe ɗakin ya sa sabuwar ƙofa, in zo in gani ko launin ya yi mini. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tunda aka haife ni, ni da na tsaya gaban gari guda na kira shi da sunan ubansa, abin da ya fito bakina shi ne gishiri bai ji a miyar ba ko. Ya ce ya ji daidai. Na kwashe kwanuka na dawo.

Kada ku tambaye ni ko har yanzu zan aure shi, ban sani ba, wallahi ban sani ba. An ce mana da magani da kwaroron roba ana zama, ni ma na faɗa wa mutane haka, amma ina son haihuwa kuma ina jin tsoro. Wannan tambayar ta jira. Abin da ke gabana shi ne kada mutumin nan ya ji a bakin kawunsa gaban dattawan coci, kuma kada ya ji a bakina ya tashi ya nufi shago neman fiya-fiya.

Don haka ga abin da nake so ku gaya mini. In akwai likita ko nas a zauren nan, an ce mana gwajin fili yakan yi kuskure shi ya sa ake sakewa, gaskiya ne ko lallashi ne kawai? In yi masa ƙarya in ce fasto takarda mai hatimin babban asibiti yake so, in ja shi Birnin Kebbi inda ba wanda ya san mu a gaya masa a can ina zaune kusa da shi, ko ƙaryar da na yi ta isa haka? In ma na yi, ta yaya zan fitar da shi daga gona kafin Lahadi? In je wurin fasto ni kaɗai in roƙe shi ya ɗaga mana, alhali sai ya tambayi dalili? Ko in faɗa masa da kaina ranar Asabar, to a ina, a ɗaki ko a waje, ni kaɗai ko da wani, kuma wane ne wanin, tunda duk wanda zai iya riƙe Bawa in ya tashi abokin golmonsa ne? Kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi, gwiwata ta shaida. Kada ku ce in gudu wurin 'yan'uwa a wani gari, na yi tunanin haka na ga ba zan iya ba, ni na kira shi rumfar nan.

In kun ce ni zan faɗa, to ku taimake ni da maganar da zan fara da ita, ku rubuto ta yadda zan faɗa, kalma bayan kalma. Wannan karon ba da Hausa zai ji ba, da yarenmu zan gaya masa don kada ya sake cewa to, to bai gane ba. Sati biyu ke nan ina juya abin a kaina, duk kalmar da na sani ta wannan ciwo a yarenmu zagi ce, kuma ba zan zagi Bawa ba. Gobe da rana zan dawo kafe in duba.